Wa Ke Rubuta Jerin? Matsayin Mai Ƙuri'a a Tsarin Zaɓen Jerin Sunayen Jam'iyya

A Isra'ila, mutumin da ya shiga rumfar zaɓe ba ya ganin sunan ɗan takarar mazaɓarsa, domin babu mazaɓar ma. Abin da ke gabansa 'yan ƙananan takardu ne, kowace ɗauke da haruffan jam'iyya guda. Ya ɗauki ɗaya, ya sa a ambulan, ya jefa a akwati, ya kama gabansa. Mutum 120 da za su zauna a majalisar Knesset kuwa, tun makonni kafin ranar kowace jam'iyya ta miƙa wa hukumar zaɓe sunayen nata a jere, daga na ɗaya har na ƙarshe. Jam'iyyar da ƙuri'unta suka kai na kujera 20, mutum 20 na farko a jerinta ne za su shiga. Na 21 sai dai ya jira wani ya rasu ko ya ajiye aiki.

Wannan shi ne tsarin jerin sunayen jam'iyya a tsantsarsa. Beljiyam ce ta fara kafa shi a dokar zaɓen ƙasa a 1899, Finlan ta bi sahu a 1906, kuma bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya game yawancin Turai ta Yamma. Yau da shi ake zaɓen majalisa a Afirka ta Kudu, Namibiya, Mozambik, Turkiyya, Indunusiya, Sifen da galibin ƙasashen Latin Amurka. Manufarsa mai sauƙi ce: kowace jam'iyya ta samu kujeru gwargwadon ƙuri'unta. Mai kashi 30 cikin ɗari na ƙuri'u ta samu kusan kashi 30 na kujeru.

Kafin a tuhumi tsarin, adalci ne a fara da cutar da aka kawo shi ya warkar. A tsarin da Birtaniya ta yaɗa a duniya, kowace mazaɓa kujera ɗaya gare ta, wanda ya fi ƙuri'a ya kwashe, sauran ƙuri'un sun bi ruwa. A zaɓen Birtaniya na 2024, jam'iyyar Labour ta samu kusan kashi 34 na ƙuri'u amma ta tashi da kujeru sama da 400 cikin 650. Jam'iyyar Reform ta samu kashi 14, mutum sama da miliyan 4, ta ƙare da kujera 5. A Niyu Zilan, sau biyu a jere, 1978 da 1981, Labour ta fi National yawan ƙuri'u amma National ce ta kafa gwamnati. A 1981 ɗin ma jam'iyyar Social Credit ta samu sama da kashi 20 aka ba ta kujera 2. Wannan takaici na cikin abin da ya sa mutanen ƙasar suka sauya tsarin zaɓensu ta hanyar ƙuri'ar raba gardama a 1993. Mutumin da ke zaune a mazaɓar da jam'iyyarsa ba ta taɓa ci ba kuma ba za ta ci ba, da me za a lallashe shi ya fito ya bi layi?

Tsarin jeri ya amsa wannan tambaya da kyau. Ƙuri'arka tana haɗuwa da na 'yan uwanka na wasu garuruwa ta zama kujera. A Holan, inda ƙasar baki ɗaya take kamar mazaɓa ɗaya mai kujera 150, kashi 0.67 kacal ake buƙata a shiga majalisa. Shi ya sa a zaɓen 2021 jam'iyyu 17 suka shiga, har da ta kare haƙƙin dabbobi, da ta tsofaffi, da wadda 'yan asalin Turkiyya suka kafa. Duk wanda ke da abin faɗa kuma yake da mutum dubu saba'in a bayansa yana da hanyar shiga zauren.

Sai dai daidaiton ba ya zuwa haka nan. Abu biyu ne ke ƙayyade shi, kuma duka biyun 'yan siyasa ne ke rubuta su. Na farko yawan kujerun da kowace mazaɓa take da su. A ɗauka an jefa ƙuri'a 100,000 a wani yanki: jam'iyya ta farko 48,000, ta biyu 29,000, ta uku 14,000, ta huɗu 9,000. Hanyar rabon da ta fi yaɗuwa, wadda ke ɗauke da sunan lauyan Beljiyam Victor D'Hondt, ita ce a raba ƙuri'un kowace jam'iyya da 1, da 2, da 3, haka dai, sannan a ba da kujeru ga sakamakon da suka fi girma. Idan kujerun yankin 5 ne, ta farko za ta ɗauki 3, ta biyu 2, sauran biyun su tashi a tutar babu, alhali kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zaɓe su suka zaɓa. Idan kujerun 10 ne, da waɗannan ƙuri'un dai, rabon zai koma 5, 3, 1, 1. Ba mutum ɗaya da ya sauya ra'ayi, girman mazaɓa kawai aka taɓa. Sifen misali ce: Madrid na da kujeru sama da 30, lardin Soria na da 2, don haka ƙaramar jam'iyya na numfashi a babban birni ta shaƙe a karkara.

Na biyu shi ne shingen da doka ke kafawa, wato mafi ƙarancin kason da jam'iyya za ta samu kafin a sa ta a rabo. A Turkiyya a 2002 shingen kashi 10 ne. Jam'iyyu biyu kaɗai suka tsallake. AKP ta Recep Tayyip Erdogan da kashi 34 ta kwashe kujera 363 cikin 550, kuma kusan kashi 46 na ƙuri'un da aka jefa ba su haifar da wakili ko ɗaya ba. Tsarin da aka ƙirƙiro don hana asarar ƙuri'a ya zubar da kusan rabinsu a rana guda. Sai a 2022 aka sauke shingen zuwa kashi 7. A Jamus ma, mai shingen kashi 5, jam'iyyar BSW ta samu kashi 4.98 a 2025, ƙuri'u kusan miliyan biyu da rabi, ba ta samu ko kujera ba.

Shin jama'a sun fi fitowa zaɓe a ƙarƙashin wannan tsari? Masana irin su Arend Lijphart da André Blais sun daɗe suna kwatanta ƙasashe, kuma a tsofaffin dimokuraɗiyyoyi sun ga fitowar ta fi yawa da 'yan maki a inda ake rabon kujeru gwargwadon ƙuri'a. Amma bai kamata a ɗora wa wannan hujja kayan da ya fi ƙarfinta ba. Suwizalan na amfani da jeri tun 1919, kuma ƙasa da rabin masu zaɓe ne ke fitowa a zaɓen majalisarta. Abin da ya fi koyarwa shi ne labarin Larabawan Isra'ila. Da aka ɗaga shinge zuwa kashi 3.25 a 2014, ƙananan jam'iyyunsu suka ga za su nutse ɗaya bayan ɗaya, sai suka dunƙule a jeri guda, suka ci kujera 13 a 2015. A Afrilun 2019 suka rabu, fitowar mutanensu ta faɗi ƙasa da rabi. Suka sake haɗewa, a Maris 2020 fitowar ta kai kusan kashi 65, suka ci kujera 15. Mutanen su ne dai, dokar ita ce dai. Abin da ya sauya shi ne yadda mai ƙuri'a ke jin nauyin ƙuri'arsa.

To, duk wannan magana ce ta ranar zaɓe, kuma ba a nan gizo ke saƙar ba. Jefa ƙuri'a ɗan ƙaramin yanki ne na shiga siyasa. Akwai zaɓar wanda zai tsaya, akwai kai masa kuka bayan ya hau, akwai hukunta shi idan ya saɓa. A nan ne tsarin jeri, musamman rufaffe, wato wanda mai zaɓe ba ya iya taɓa yadda aka jera sunayen, yake da babban bashi a kansa. Kamar shiga mota ne a tasha: ƙuri'ar jama'a ce ke yanke yawan kujerun motar, amma wani ne daban ke tsara layi. Wanda aka sa a gaba zai samu wuri ko da motar ƙarama ce, wanda aka jefa baya ko jama'a na son sa kamar me, sai dai ya ɗaga musu hannu. A babbar jam'iyya, mutumin da ke lamba 5 ya riga ya ci zaɓe tun ranar da aka buga jerin. Zaɓensa na gaskiya an yi shi a wani ɗaki, gaban mutane ƙalilan.

Afirka ta Kudu ce ta fi kowa nuna abin da hakan ke haifarwa, kuma ba da mugun nufi aka ɗauko tsarin ba. A 1994 ƙasar na fitowa daga mulkin wariyar launin fata, unguwanni a rarrabe bisa launi, miliyoyi ba su taɓa ganin takardar zaɓe ba. Da an yanka mazaɓu, da ANC, jam'iyyar Nelson Mandela, ta share kusan komai, tsiraru su ji an rufe musu ƙofa. Jeri ya ba kowa wuri a majalisa mai kujera 400, kuma takardar zaɓen mai sauƙi ce: sunan jam'iyya, tambarinta, hoton shugabanta. A wancan lokacin hikima ce.

Amma tsarin mulkin ƙasar ya tanadi cewa ɗan majalisar da ya daina zama ɗan jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa. Haɗa wannan da rufaffen jeri, ka ga inda biyayyar ɗan majalisa za ta karkata. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Andrew Feinstein, wanda ke jagorantar 'yan ANC a kwamitin binciken kuɗaɗen gwamnati, ya dage sai an tono badaƙalar cinikin makamai ta 1999. Jam'iyya ta sauke shi daga wannan matsayi, kuma a 2001 ya bar majalisar. Ba shi da mazaɓar da zai koma ya ce wa mutanenta, ku kuka aiko ni, ku yanke hukunci. A 2008 kwamitin zartarwar ANC ne ya umarci shugaba Thabo Mbeki ya sauka, ya kuma sauka, ba tare da an tambayi mai ƙuri'a ko ɗaya ba. A zamanin Jacob Zuma, an sha kawo ƙudurin rashin amincewa da shi, 'yan ANC na kare shi baki ɗaya. Sai da maganar ta je Kotun Tsarin Mulki a 2017, kotu ta ce kakakin majalisa na da ikon ba da damar ƙuri'ar sirri. Da aka kaɗa a asirce a watan Agusta, sakamakon ya zama 198 da 177. Zuma ya tsira, amma lissafi ya nuna aƙalla 'yan jam'iyyarsa 26 sun juya masa baya, tunda 'yan adawa duka 151 ne. Abin lura a nan: sai da aka ɓoye wa jam'iyya ƙuri'ar ɗan majalisa kafin ya iya bin abin da zuciyarsa ta gaya masa, kuma ɓoyewar ta haɗa har da talakan da ake cewa yana wakilta. Makhosi Khoza, 'yar majalisar ANC da ta fito fili ta ce Zuma ya sauka, ba ta ƙarasa shekarar a cikin ANC ba.

Ba wai ba a hango matsalar ba. Tun 2003 kwamitin da Frederik van Zyl Slabbert ya jagoranta ya ba da shawarar a zaɓi mutum 300 daga mazaɓu masu kujeru kaɗan-kaɗan, 100 daga jerin ƙasa. Aka ajiye rahoton ya sha ƙura. Abin da ake yi a madadinsa shi ne a ba jam'iyyu kuɗi su buɗe ofisoshin mazaɓa, kowace ta tura 'yan majalisarta yankin da ta ga dama. Wato bayan zaɓe ne ake naɗa maka wakili, kuma ba kai za ka iya cire shi ba. Hukumar alƙali Raymond Zondo, da ta binciki yadda wasu 'yan kasuwa suka yi kane-kane a harkokin gwamnati, ta dawo kan wannan batu a rahotonta na 2022, ta danganta raunin majalisa wajen sa ido da yadda ake zaɓar 'ya'yanta. A 2020 Kotun Tsarin Mulki ta ce dole a bar ɗan takara mai zaman kansa ya tsaya, aka gyara doka a 2023, wasu suka tsaya a 2024, ba wanda ya ci. Fitowar masu rajista kuwa ta sauko daga kashi 89 a 1999 zuwa ƙasa da kashi 59 a 2024. Rashin aikin yi da ɗaukewar wuta da cin hanci duk suna da hannu a wannan, ba za a ɗora wa dokar zaɓe ita kaɗai ba. Amma mutumin da ke son jam'iyyarsa ta gado kuma yake ƙin wasu mutanen da ke saman jerinta, zaɓi biyu ne gare shi: ya haɗiye duka ko ya zauna a gida. Da yawa sun zauna a gida.

Saboda haka tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wannan tsari ita ce wa ke rubuta jerin. Amsar ta bambanta ƙwarai, har a cikin ƙasa guda. A Isra'ila, Likud na yin zaɓen fid da gwani inda dubban 'ya'yan jam'iyya ke jera sunaye. A Shas majalisar malaman addini ce ke da ta cewa. A Yesh Atid, Yair Lapid ne ya saba tsara jerinsa. A Holan abin ya kai maƙura: jam'iyyar PVV ta Geert Wilders, wadda ta zo ta ɗaya da kujera 37 a 2023, ba ta karɓar mambobi. Shi ne ɗan jam'iyyar, shi ke rubuta jeri. Mutum sama da miliyan 2 suka zaɓe ta, babu ɗayansu da ke da kati ko damar ɗaga hannu a taronta. Jamus ta bi wata hanya, saboda abin da tarihi ya koya mata: tsarin mulkinta ya wajabta wa jam'iyyu dimokuraɗiyyar cikin gida, kuma doka ta ce sai 'ya'yan jam'iyya ko wakilansu sun kaɗa ƙuri'ar sirri a kan sunayen da za su shiga jeri. Manya na ƙulle-ƙullensu kafin taro, kamar ko'ina, amma wakilai na iya kayar da wanda shugabanni suka kawo, kuma hukumar zaɓe na iya yin watsi da jerin da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba. Tun 1911 Robert Michels ya rubuta cewa duk ƙungiyar da ta girma, 'yan tsiraru ne ke ƙarewa da riƙe akalarta. Tsarin jeri bai ƙirƙiro wannan ba, ya dai ƙara wa 'yan tsirarun makami.

Wannan makamin kuma ba kullum yake cuta ba. Wanda ke da ikon tsara layi yana iya sa waɗanda aka daɗe ana turewa a gaba. Ajantina ta kafa doka a 1991 cewa kashi 30 na jeri mata ne, kuma daga baya aka tilasta a sa su a wuraren da za su iya ci, don jam'iyyu sun fara da jibge su a wutsiya. Jam'iyyar SWAPO ta Namibiya ta ɗauki tsarin namiji ɗaya mace ɗaya, mata suka haura kashi 40 a majalisa bayan zaɓen 2014. Senegal ta yi dokar daidaito a 2010, zaɓen 2012 ya kawo mata 64 cikin 150. Tunisiya a 2011 ta nuna inda dabarar ke yoyo: doka ta ce a riƙa jera namiji da mace bi da bi, amma kusan duk jerin namiji ne a sama, kuma ƙananan jam'iyyu kujera ɗaya-ɗaya suka ci a mazaɓu, sai mata suka tsaya a wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Ko a inda abin ya yi nasara, a tuna cewa matar da shugaban jam'iyya ya sa a lamba 2, shi take kallo, kamar yadda namijin lamba 1 ke kallonsa. Fuskar majalisa ta sauya, igiyar na hannun da take.

Maganin da kowa ke fara kawowa shi ne a buɗe jerin, a bar mai zaɓe ya nuna mutumin da yake so. A Finlan ma dole ne: lambar ɗan takara kake rubutawa, ƙuri'ar ta shiga asusun jam'iyyarsa, kuma waɗanda suka fi ƙuri'a ne ke ɗaukar kujerun da jam'iyyar ta samu. Can abin na tafiya lafiya. A wasu wuraren kuwa an gudu ba a tsira ba. Idan jeri ya buɗe, babban abokin hamayyar ɗan takara shi ne ɗan jam'iyyarsa, domin tambarinsu ɗaya, manufarsu ɗaya, sai ya nemi wani abin da zai bambanta shi: suna, kuɗi, ko alheri na hannu da hannu. A Burazil jihar Sao Paulo mazaɓa ɗaya ce mai kujera 70, 'yan takara sama da dubu. A 2002 Enéas Carneiro ya samu ƙuri'a sama da miliyan ɗaya da rabi, ya jawo wa ƙaramar jam'iyyarsa ƙarin kujera 5, huɗu daga cikin waɗanda suka hau ƙuri'unsu ba su kai 1,000 ba kowanne. A 2010 ɗan wasan barkwanci Tiririca ya fi kowa ƙuri'a a faɗin ƙasar. A Indunusiya, Kotun Tsarin Mulki ce ta buɗe jeri a ƙarshen 2008, kuma tun daga nan masu bincike ke bayyana yadda rabon ambulan na kuɗi da asubar ranar zaɓe ya zama ruwan dare, kowane ɗan takara da rundunarsa ta kansa, ba ruwansa da ta jam'iyya. Duk da haka da aka nemi a koma rufaffen jeri, kotun ta ƙi a 2023.

Italiya ta ɗanɗana duka biyun. Shekaru da dama mai zaɓe na iya nuna mutum 3 ko 4 a jeri, sai dillalan ƙuri'a suka gano cewa haɗin lambobi na iya zama sa hannu: a ba kowane gida nasa haɗin, a duba wajen ƙidaya ko ya fito. Sirrin ƙuri'a ya tashi. A 1991 aka yi ƙuri'ar raba gardama don rage zaɓin zuwa mutum ɗaya. Tsohon firaminista Bettino Craxi ya shawarci jama'a su tafi bakin teku su huta maimakon fita, suka fita, sama da kashi 95 suka amince. A 2005 kuma aka koma ɗaya ƙarshen, dogayen jeri rufaffu, majalisa ta cika da waɗanda shugabannin jam'iyyu suka naɗa, har Kotun Tsarin Mulki ta soke sassan dokar a ƙarshen 2013, ɗaya daga dalilanta shi ne mai zaɓe ba ya iya sanin mutanen da yake zaɓa.

A ganina, masu kallon lamarin a matsayin rufe ko buɗe kawai suna barin rabin zancen a baya. Jeri mai suna 6 da jeri mai suna 200 ba abu ɗaya ba ne, ko da duka rufaffu ne, domin na farko ana iya karanta shi a san kowa. Akwai kuma matsakaiciyar hanya, inda jam'iyya ke jera sunaye amma jama'a na iya tsallakar da mutum. A Suwidin, ɗan takarar da ya samu kashi 5 na ƙuri'un jam'iyyarsa a mazaɓa yana haurawa sama. A Holan ana buƙatar kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un kujera guda. Ba kasafai ake tsallakawa ba, amma ƙuri'ar mutum ta zama jari. Pieter Omtzigt, wanda ya taimaka wajen tono yadda hukumar haraji ta zalunci dubban iyalai a kan tallafin renon yara, ya samu ƙuri'a sama da 340,000 shi kaɗai a 2021. Da zama ya gagara tsakaninsa da shugabannin jam'iyyarsa ta CDA, ya fita da kujerarsa, ya kafa tasa jam'iyyar, ta ci kujera 20 a 2023. Kwatanta shi da Feinstein. Bambancinsu ba na jarumta ba ne. Ɗaya na da alƙaluman da ke nuna mutane nawa ke bayansa da dokar da ta bar masa kujerarsa, ɗayan ba shi da ko guda.

Jamus da Niyu Zilan sun zaɓi gauraye: ƙuri'a biyu, ɗaya ta ɗan takarar mazaɓa, ɗaya ta jam'iyya, jeri kuma ya cike giɓi. Mutanen Niyu Zilan sun sake tabbatar da tsarin a 2011. Shi ma yana da nasa ƙorafin, musamman idan mazaɓa ta kayar da mutum ya dawo ta ƙofar jeri. A Jamus majalisa ta kumbura har kujera 736 a 2021, aka ƙayyade ta a 630, sakamakon haka a 2025 mutum 23 da suka zo na ɗaya a mazaɓunsu ba su samu kujera ba.

Akwai wata ƙofar shiga da ba a cika ambata ba. Inda jam'iyyu suka toshe kunne, tsarin jeri na sauƙaƙa wa jama'a su kafa tasu. A Sifen, masu zanga-zangar Mayun 2011 sun cika dandali suna cewa 'yan majalisa ba sa wakiltarsu, kuma cikin ƙorafinsu har da rufaffen jeri. A 2014 aka kafa jam'iyyar Podemos, shekara ta gaba ta shiga majalisa da kujeru masu yawa. Lardin Teruel, da ya shekara 20 yana kukan rashin hanyoyi da jirgin ƙasa da ƙaurar matasa, ƙungiyar mazaunansa ta tsaya zaɓe da kanta a Nuwamban 2019, ta zo ta ɗaya a lardin, ta ci kujera guda. A Janairun 2020 majalisa ta sake tabbatar da Pedro Sánchez a matsayin firaminista da ƙuri'a 167 a kan 165, kuma ƙuri'ar Teruel na cikin 167 ɗin, bayan an sa hannu a kan buƙatun lardin.

Wannan ya kawo mu ga ɗaki na biyu da ake rufewa a bar mai ƙuri'a a waje. Tunda da wuya jam'iyya ɗaya ta samu rinjaye, gwamnati a teburin sulhu ake haɗa ta bayan zaɓe. Beljiyam ta yi kwana 541 ana wannan ciniki bayan zaɓen 2010. Alƙawarin da ya sa ka zaɓi jam'iyya na iya zama abin da za ta sadaukar don ta samu ma'aikatar kuɗi. A nan ma katin jam'iyya ne ke buɗe ƙofa. SPD ta Jamus ta miƙa yarjejeniyar haɗakarta da Angela Merkel ga 'ya'yanta su kaɗa ƙuri'a a 2013, ta sake yi a 2018. A karo na biyu reshen matasanta ya yi gangamin kiran jama'a su yanki kati don su ce a'a, mutum sama da 24,000 suka shiga cikin 'yan makonni. Mambobi kimanin 460,000 ne ke da ikon yanke hukuncin, a ƙasar da masu zaɓe suka haura miliyan 60. Kashi 66 suka ce e, kuma a watan Maris aka rantsar da Merkel a karo na huɗu.